Yadda Za Ka Gano Harsashin da Sabuwar Bindigar Gasa Take So

Ranar da sabuwar bindigar iska ta iso hannunmu a Abuja, bayan wata da watanni ana bin takardu, ban ko bari an gama kwance kwalin ba na ɗauko gwangwanin harsashi mafi tsada da nake da shi. Kocinmu, wani dattijo tsohon soja da duk muke kira Baba, ya dafa hannuna ya ce, "Ɗana, dakata. Ba ta gaya maka abincinta ba tukuna." A lokacin na ɗauka zolaya ce irin ta manya. Sai da na yi asarar kuɗi da makonni kafin na gane cewa maganar ita ce gaba ɗayan aikin: kowane bututun bindiga yana da harsashin da yake shiri da shi, kuma sunan kamfani ko tsadar gwangwani ba za su faɗa maka wanne ne ba. Gwaji ne kaɗai zai faɗa.

A Amurka da wasu ƙasashen Turai, masu harbin nesa kan haɗa harsashinsu da hannu, suna canza awo har su dace da wanda bututunsu yake so. Wannan hanya a rufe take a wurinmu. Dokar Makamai ta 1959 ta hana kowa ƙera ko harhaɗa bindiga da harsashi in ba a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ko da izini na musamman ba, kuma ina ganin duk wanda ya san abin da yaɗuwar makamai ya jawo wa Arewa ba zai yi jayayya da hikimar hakan ba. Ita kanta bindigar iska dokar ta saka ta cikin makaman da sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda ake mallakarsu. Saboda haka wannan jagora ta ɗan wasa ce mai takardunsa cikakku, ko mai harbi da kayan ƙungiya a filin da hukuma ta amince da shi. Abin da ya rage mana shi ne zaɓe cikin abin da kamfanoni suka ƙera, kuma zaɓen ma ilimi ne mai zaman kansa.

Me ya sa ake wahala a kan abin da bai kai ƙwayar masara ba

Sai ka san girman abin da ake hari kafin ka yarda wahalar ta cancanta. A gasar bindigar iska ta mita 10, wadda ta shiga wasannin Olamfik a 1984 a Los Anjalas, baƙin da'irar da kake hange faɗinta milimita 30.5 ne. Maki goma kuwa ɗigo ne a tsakiya mai faɗin rabin milimita, kamar ɗigon biro. Harsashin kansa milimita 4.5 ne. A ƙa'idar hukumar wasan harbi ta duniya, ISSF, mai hedikwata a Munik ta Jamus, ana harbi 60 cikin minti 75 a kan na'urar ƙirga maki, kuma an raba goman gida goma, daga 10.0 zuwa 10.9. Mafi yawan abin da mutum zai iya samu shi ne 654.

Yi lissafin da kanka. Harsashi yana taɓa ɗigon goma ne idan tsakiyarsa ba ta wuce milimita 2.5 daga tsakiyar takarda ba. Raba wannan gida goma, kowane gida rubu'in milimita ke nan. To idan harsashin da ka saya yana kauce wa inda ka saita da rubu'in milimita kacal a kowane harbi, ka rasa 0.1 sau 60, maki shida cur, ba tare da hannunka ya yi kuskure ko sau ɗaya ba. A babbar gasa maki shida kan raba wanda ya shiga zagayen ƙarshe da wanda ya koma gida da wuri.

Harsashin gasa ba shi da albarushi, dalma ce zalla aka matse. Siffarsa ta kalangu ce: kai mai faɗi a shafe don ya huda takarda tsaf, ƙugu siriri, sai gindi mai rami kamar mazurari, wanda iska ke bugawa ya buɗe ya kama bangon bututu. Na bindiga doguwa nauyinsa kan kai giram 0.53, na ƙaramar bindigar hannu kuma 0.45. Sanannun masu ƙera shi su ne RWS da H&N a Jamus, JSB a ƙasar Cek, da Qiang Yuan a Sin. Idan ka juya gwangwani, wanda yawanci ke ɗauke da guda 500, za ka ga lambobi biyu da ya kamata ka saba da su: faɗin kai, misali 4.48, 4.49, 4.50 ko 4.51, da lambar zubi, wato lambar rukunin harsasan da aka ƙera tare a lokaci ɗaya. Wannan ta biyun ita mutane suka fi rainawa, alhali ita ce jigon. Gwangwani biyu masu suna ɗaya da faɗin kai ɗaya, in zubinsu ya bambanta, za su iya bambanta a takarda kamar ba kamfani ɗaya ya yi su ba, domin injin da ya matse su da dalmar da aka sa ba lalle su zama ɗaya ba.

Mataki na farko: gyara bindigar kafin ka tuhumi harsashi

Ba a auna hatsi da mudu mai huji. Duk gwajin da aka yi da bindigar da ba ta daidaita ba, ɓata dalma ne.

Fara da kusoshin da suka haɗa ƙarfen bindiga da jikinta. Ɗaure su da ƙarfin da littafin kamfanin ya ambata, ko Feinwerkbau ce, ko Walther, Anschütz ko Steyr, kowacce da nata awon. Ka rubuta abin da ka yi. Na taɓa kwashe yini biyu ina zargin wani zubi mai kyau, hudar tana hawa tana sauka, ashe kusa ɗaya ce ta saki tun a hanya. Duba madubin saiti na baya da zoben gaba su ma, ka girgiza su da yatsa ka ji ko akwai mai motsi.

Sai bututu. Sabuwar bindiga kan zo da ɗan maiƙon da aka shafa don tsatsa. Share shi da ƙyallen shara da ake ja da zare daga baya zuwa baki, ko da ƙananan ƙullin auduga da ake yi musamman don wannan. Kada ka cusa sandar ƙarfe ta baki. Gefen bakin bututu shi ne wuri na ƙarshe da harsashi ke taɓawa, ƙaramin ƙwarzane a nan ya isa ya lalata bindigar da aka saya da Yuro masu yawa. Bayan shara, bututu ba ya komawa daidai nan take, sai ya sake ɗaukar ɗan shafin dalma. Ni nakan yi harbi 30 a banza kafin in fara ƙirga komai, in kuma bindigar sabuwa ce fil, nakan bar ta ta cinye gwangwani guda a atisaye tukuna, domin na'urar da ke daidaita ƙarfin iska a cikinta ta zauna.

Tukunyar iska, wato silindar da ke jikin bindiga mai ɗauke da matsattsiyar iskar da ke tura harsashi, tana da nata sharuɗɗa, kuma nan ba wurin ganganci ba ne. Cika ta zuwa iyakar da aka rubuta a jikinta, wasu 200 ne a awon matsin iska da ake kira "bar", wasu 300, kada ka ƙara ko kaɗan. Iska busasshiya kawai ake sawa. Iskar oksijin ta masu walda ko ta asibiti kan haddasa fashewa, haka ma mai in ya shiga mahaɗar iskar. Duba shekarar da aka buga a jikin tukunyar, shekara goma ce wa'adinta, kuma alƙalan gasa na dubawa. Mai amfani da famfon hannu a daminar Abuja ya sani cewa yana tura laima cikin tukunya tare da iskar, don haka ya riƙa hutawa tsakanin bugu kada famfon ya yi zafi, ya kuma riƙa sakin ruwan da ya taru.

In ƙungiyarku na da na'urar auna gudun harsashi, yi harbi goma ka rubuta. Irin waɗannan bindigogi kan fitar da harsashi da gudun kusan mita 170 zuwa 175 a daƙiƙa. Abin dubawa shi ne tazarar da ke tsakanin mafi gudu da mafi sanyi. A awona, mita biyu zuwa uku lafiya lau ne. In ka ga tazarar ta yi faɗi da kowane irin harsashi, matsalar ta bindiga ce, wataƙila robar da ke toshe iska ta samu rauni, kuma sai an gyara za a ci gaba.

Mataki na biyu: tara 'yan takara

Kada ka sayi mai yawa yanzu. Abin da kake buƙata shi ne iri-iri, kaɗan-kaɗan. Tunda kayan daga waje suke zuwa kuma canji ya yi tsada, dabarar da muke yi ita ce karo-karo: mutum biyar ko shida kowa ya kawo gwangwanin da yake da shi, a ɗebi guda hamsin-hamsin a ƙananan robobi, a manna takarda a rubuta kamfani, faɗin kai da lambar zubi. Zubi shida zuwa goma sun isa farawa. Amma ka lura da abu ɗaya tun yanzu: babu amfanin gwada zubin da ba za ka iya samun ƙarinsa ba. Tambayi mai kawo kayan gwangwani nawa suka rage masa na kowace lamba, in zai yiwu ya ajiye maka na mako biyu.

Zuba kowane samfuri a kan farin ƙyalle ka duba da ido. Wanda gindinsa ya lanƙwashe, ko kansa ya samu tabo, ko ya yi fari-fari saboda daɗewa cikin laima, ware shi gefe don harbin ɗumama bututu. Gwangwanin da ya taɓa faɗuwa ƙasa daga tebur, kada ka sa shi a gwaji sam. Wasu kan auna nauyin kowane harsashi ɗaya bayan ɗaya. Sikelin masu gwal na kasuwar Wuse, mai nuna lamba biyu bayan ɗigo, bai isa wannan aiki ba, sai mai lamba uku. Ni dai a mita 10 ban ga ribar da ta biya wahalar ba in harsashin na gasa ne na ainihi. Lokacin gara a kashe shi a mataki na gaba.

Mataki na uku: cire kanka daga lissafin

Abin da ake gwadawa shi ne bututu da harsashi. Hannunka, numfashinka da bugun zuciyarka dole su fita daga ciki. Hanya mafi kyau ita ce a damƙe bindigar a bayis, wato matsen ƙarfe irin na makanikai, mai nauyi da aka ɗaure a teburin da ba ya motsi, a kama ta ta jikinta ko ta layin ƙarfen da ke ƙasan gaba, da fata ko roba tsakani. Kada a matse tukunyar iska. In babu bayis, buhunan yashi biyu za su yi, ɗaya a gaba ɗaya a gindi, ka zauna a kujera, ka riƙa ɗora kumatu wuri ɗaya da nauyi ɗaya, ka ja kunama a hankali. Teburin roba na biki ba zai yi ba. Nemi na kankare ko na katako mai kauri, ka ɗora masa bulo in ya cancanta.

Auna mita 10 da tef daga layin harbi zuwa fuskar takarda, tsakiyar takardar kuma ta kasance mita 1.40 daga ƙasa kamar yadda ƙa'ida ta ce. Yi amfani da takardar gasa ta ainihi. Takardar fotokwafi yagewa take yi maimakon ta huje, ba za ka iya auna komai a kanta ba. A bayanta a sa akwatin ƙarfe mai tare dalma.

Sai abubuwan da sai wanda ya yi harbi a ƙasar nan ya sani. Kashe fanka. Na san zafin Abuja a watan Maris, amma fankar sama na iya ture abin da nauyinsa kusan rabin giram ne, haka ma iskar na'urar sanyaya ɗaki in tana bugawa ta tsakiyar layi. Rufe tagogi, musamman da hunturu. Haske ma ya zama ɗaya daga farko har ƙarshe. In kana harbi a kan buhu kana saiti da ido, aka ɗauke wuta aka tayar da janareto, hasken da ke kan takarda ya canza, idonka zai ga baƙin da'irar dabam, hudar za ta matsa. In haka ta faru a tsakiyar gungu, wato jerin harbin da kake yi a wuri ɗaya don a auna taruwarsu, soke shi ka sake. Mu fitila mai batir muke sa wa takarda don kauce wa wannan.

Kowa a ɗakin ya tsaya bayan layi. Duk lokacin da za a je canza takarda, a buɗe bindiga a zura mata zaren nan mai launi da ke shiga ta baya ya fito ta baki, shaidar babu komai a ciki. Baba ba ya ɗaga murya a kan komai sai wannan.

Mataki na huɗu: gwajin kansa, da yadda takarda ke yaudarar mutum

A nan na fi so mu daɗe, domin a nan na yi asarata.

Zagayen farko na tacewa ne. Kowane zubi ka yi masa harbi goma a wuri ɗaya ba tare da taɓa saiti ba. Ba ruwanka da ko sun faɗa tsakiya ko gefe, abin da kake nema shi ne yadda suka taru. Kafin ka koma wani kamfani, harba biyar zuwa goma na sabon a wata takarda dabam, domin kowane kamfani da irin haɗin dalmarsa da maiƙonsa, kuma harbin farko yana tafiya ne a kan ragowar na baya. Rubuta lambar zubi a bayan takarda nan take, kafin ka ɗauki wata. Kada ka ce za ka tuna. Riƙa kallon agogon tukunya, in allura ta kusa barin koren wuri, tsaya ka cika.

Awo kuma haka ake yinsa. Ɗauki ma'aunin nan mai baki biyu da makanikai ke auna kaurin ƙarfe da shi, mai nuna lamba. Auna ramin daga gefen waje zuwa gefen waje ta inda ya fi faɗi. Cire 4.5 daga abin da ka samu, saura shi ne tazarar tsakiyar harsasai biyu da suka fi nisa da juna. Misali, ramin da ya ba ka 5.3, tazararsa 0.8 ke nan. Wanda ya ba ka 6.5, tazararsa milimita biyu. A ido duka biyun rami ɗaya ne, har ka ce ai bindigar nan ba ta kuskure, amma a lissafin maki sama da ƙasa ne. Akwai gwajin gargajiya da 'yan wasa ke yi: a ɗora harsashi a ramin harbi goma, in ya maƙale bai zurma ba, gungun ya yi kyau ƙwarai. Duba siffar ramin ma. Mai zagaye ya fi wanda ya miƙe tsaye ko ya kwanta. Mai miƙewa sama da ƙasa da kowane zubi yana nuna gudu ne ke canzawa ko wani abu ya saki, koma mataki na farko.

Yanzu ga tarkon. Shekarar da na fara, na gwada zubi bakwai da harbi biyar-biyar. Ɗaya ya ba ni rami ƙarami kamar harbi ɗaya aka yi. Murna ta kama ni, na kira mai kawo kaya a daren na ce ya ajiye mini gwangwani goma. Da suka zo na ci gaba da atisaye, sai na riƙa ganin harbin da na tabbata goma ce mai kyau tana fitowa 10.1 ko tara. Na kai wa Baba ƙorafi. Ya ce, "Harbi nawa ka yi kafin ka saya?" Na ce biyar. Bai ce komai ba, ya mayar da bindigar bayis ya sa na yi talatin a jere. A cikin talatin ɗin, uku sun fita daga taron sarai. Zubi ne mai fitar da bare lokaci-lokaci, kuma a harbi biyar ɗin farko sa'a ce ta sa baren bai fito ba.

Dalilin a fili yake in ka yi tunani. In harsashi ɗaya cikin goma ne mai kaucewa, harbi biyar za su iya wucewa ba ka gamu da shi ba fiye da rabin lokaci. Gasa kuwa harbi 60 ce, babu inda zai ɓuya. Don haka zagayen farko ba ya zaɓar gwani, korar marasa kyau kawai yake yi. Ɗauki uku ko huɗu da suka fi, ka shiga zagaye na biyu: kowanne gungu uku na harbi goma-goma. Kada ka gama da ɗaya sannan ka koma na biyu. Yi su bi da bi, na farko, na biyu, na uku, sannan ka juya jerin, domin gajiya, zafin ɗaki da raguwar iska su faɗa wa kowa daidai. Kuma kada ka kwatanta gungun harbi biyar da na goma, yawan harbi kan ƙara faɗin rami ko da harsashin bai canza ba.

Idan ka zo yanke hukunci, kada ka kalli gungun da ya fi kyau. Kalli matsakaicin ukun, sannan ka kalli mafi muni. A ce zubi ɗaya ya ba ka 5.1, 5.2 da 6.4, wani kuma ya ba ka 5.5, 5.4 da 5.6. Na biyun za ka ɗauka, ko da yake bai taɓa yin abin burgewa irin na farko ba. Abin da ba na yarda da shi ko kaɗan shi ne mutum ya cire harbin da ya kauce daga lissafi ya ce ai hannunsa ne. In a bayis kake, babu hannu a ciki. In a kan buhu kake kuma ka ji ka motsa, faɗa da baki kafin ka leƙa takarda, abokin aikinka ya rubuta. Uzurin da aka kawo bayan an ga rami ba a karɓarsa.

Wata dabara mai amfani: ka sa wani ya riƙa miƙo maka harsashin ba tare da ka san na wane gwangwani ba ne. Zuciya na son mai tsada ya ci, kuma tana da hanyoyin taimaka masa ba ka sani ba. Sau da yawa a wurinmu, zubin da ya fi araha ne ya zo na ɗaya a wata bindigar, ya kuma zo na ƙarshe a ta kusa da ita, alhali kamfani ɗaya ya ƙera bindigogin.

In biyu sun yi kunnen doki, sake gwada su wata rana dabam. In har yanzu ba su rabu ba, ɗauki wanda za ka fi samu da yawa.

Mataki na biyar: daga bayis zuwa kafaɗa

Bindiga a damƙe da bindiga a kafaɗar mutum ba sa girgiza iri ɗaya. Don haka kafin ka fitar da kuɗi, sa rigar harbinka, ka tsaya yadda kake tsayawa a gasa, ka daidaita saiti da sabon harsashin, ka yi cikakken harbi 60 cikin lokacin ƙa'ida. Bayan kowane harbi, kafin ka duba, faɗi inda kake jin ya faɗa: goma ta dama, tara ta sama, haka. Harsashi mai kyau shi ne wanda takarda ke gaskata bakinka. In kana kiran wuri yana faɗawa wani wuri akai-akai, akwai sauran magana.

Wanda zai je gasa ko atisaye a Jos ya san garin ya haura mita 1,200 a tudu, iskarsa ta fi ta Abuja sauƙi, ga sanyin Disamba da Janairu. A tazarar mita 10 wannan ba zai sa ka canza zubi ba. Abin da zai iya faruwa shi ne hudar ta ɗan matsa, ka gyara da 'yan ƙyas-ƙyas na saiti a lokacin harbin gwaji. Ka bar bindigar ta sha iskar ɗakin na ɗan lokaci kafin ka fara, kada ka fito da ita daga but ɗin mota mai zafi ka hau layi. Lasisi da takardar ƙungiya su kasance a jikinka tun daga Nyanya har Akwanga har ka hau tudu, bindigar kuma a kulle cikin akwatinta, harsashi a wata jaka dabam.

Saye da ajiya

Da ka tabbatar, sayi iyakar abin da aljihunka zai ɗauka na wannan lambar, kuma ka karanta lambar a gindin kowane gwangwani da idonka kafin ka biya. Mai harbi 100 a rana, kwana huɗu a mako, yana cinye 400, wato gwangwani goma ba za su kai shi wata uku cikakku ba. Saboda haka raba: zaɓaɓɓen zubi na gasa ne da atisayen da ake ƙirga maki, na biyu a gwaji ko wani mai araha shi ne na yau da kullum. In ka koma kan na gasa, yi 'yan harbin share fage ka duba saiti.

Ajiye gwangwanayen a rufe da tef ɗinsu, a wuri mai sanyi marar laima, nesa da hannun yara. Wanda ka buɗe, sa masa ɗan soso a sama kada harsasan su riƙa karo da juna a mota. Ranar gasa, jera 80 ko 100 da ka duba da ido a akwatin da ke da ramin kowanne.

Dalma guba ce, kuma mu 'yan Arewa ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani bayan abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu saboda ƙurar dalma daga dutsen zinariya da ake daka wa a cikin gidaje. Kada ka sa harsashi a baki, kada ka ci goro ko wani abu a kan layi, ka wanke hannu da sabulu kafin abinci da kafin alwala. Akwatin tare dalma a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, kada a share da tsintsiya ƙura ta tashi, tarkacen kuma a tara a gwangwani mai murfi, kada a zuba a bola inda yara ke tsince-tsince.

Littafin rubutunka shi ne abu na ƙarshe da za ka cika kafin ka bar ɗakin: kwanan wata, lambar bindiga, ƙarfin da aka ɗaure kusoshi, gudun harsashi, kowane zubi da awon gungunsa, sannan ka manna takardun a shafin. Idan gwangwanayenka suka rage biyu, kada ka jira su ƙare. Tara sababbin samfura ka sake gwaji, ka sa tsohon zubin a cikin jerin a matsayin ma'auni. In tsohon ya ba ka awon da ya ba ka a baya, bindigar na nan yadda take, ka kwatanta sababbin da shi. In shi ma ya buɗe, ajiye sababbin tukuna, ka ɗauko ƙyallen shara da makullin kusoshi.